Sumar Mai Aski

A layinmu, jikin shagon tela, akwai wani ɗan ɗaki mai tsagaggen madubi da kujera ɗaya mai juyawa. Yanzu cajin waya ake yi a ciki. A da kuwa shagon Mai Aski ne, mutumin da ya gyara kan kowa a unguwa, nasa kan ya koma abin tsorata yara.

Ba ƙazanta ba ce. Mai aski ba ya ganin ƙeyarsa, kuma tun suna samari ƙanensa Auta ne kaɗai ke taɓa masa kai. Sai aka fasa wani kanti a bayan tasha, 'yan sanda suka kwashe duk wanda suka tarar, har da Auta da ya je sayo reza. Aka kai shi gidan yari, wai jiran shari'a. Shari'ar kuwa ta ƙi zuwa.

Duk Litinin Mai Aski zai rufe shago ya tafi kotu kai kuka. Yau a ce fayil bai iso ba, gobe a ce mai gabatar da ƙara yana hutu. Shi dai maganarsa ɗaya: "Ban ce a sake shi ba, ranka ya daɗe. A kawo shi gaban alƙali. In ya yi, a ɗaure shi da hujja. In bai yi ba, a ba ni ƙanena."

Suma tana ta tohowa. Tela ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, ba ni hayar kan nan mana, kajin matata ba su da akurki."

"Fara gyara wandon da ka ɗinka mini, ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

Matar Mai Aski ta zo da almakashi tana lallashi: "Maigida, ko gefe-gefe ne." Ya ce, "Kan nan yana da mai shi." Masu zuwa aski suka fara zamewa, don wa zai miƙa kansa ga mai irin wannan kai?

Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa. Wata Litinin alƙaliyar da ke bi ta gaban bencin da yake zama ta tsaya cak.

"Bawan Allah, ba kai ne mai kan nan da ke ƙyalli ba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ranar da aka kama ƙanena ya yi mini askin ƙarshe."

Ta daɗe tana duban sumar, sannan ta ce a nemo fayil ɗin kafin ta zauna. Da aka kira ƙarar, ko shaida ɗaya babu. Aka sallami Auta.

Ranar askin duk layi ya taru. Auta ya rame. Ya kama aski, har ya ɗan yanki kunne.

"Kai, Auta! Kunnen ma suma ne?"

"Yaya, zauna daidai, daji nake sara."

Da dajin ya faɗi, sai ga sanƙo fetal a tsakiya. Tela ya buga tsalle: "Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan, ka ɗora wa hukuma laifi!"

Mai Aski ya yi dariya har da hawaye. Auta ne kawai bai yi ba. Ya tsaya yana juya gashin a tafin hannunsa. Baƙi wuluk ya bar shi, ga shi duk furfura.