Ranar da Na Ɓoye Hannuwana

Gidan da na tashi a unguwar Lazaret gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida guda, famfo guda, faɗa kuma ba ya ƙarewa a bakin famfon. Mu kaɗai ne Hausawa a ciki, sauran duk Zabarmawa ne. Kakata ta wajen uwa, Kaka Hajo, daga Konni ta biyo mu Yamai, kuma har ta koma ga Allah ba ta iya Zabarmanci ba, in ban da fofo, sannunsu, da take yi wa kowa, mai gaishe ta da mai zaginta. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida da yamma. In an yi isha'i ta sauke mai, sai ta jawo murhun cikin gida da sauran garwashinsa, mu kuma mu kewaye shi. Wutar ƙosai ita ce wutar tatsuniyarmu, shi ya sa har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa da ya sha wuta sai in ji kamar za a fara ba ni labari.

Yaran gidan Hausar kasuwa kawai suke ji, ta nawa ne da rage mini. Amma ba wanda yake fashin zama. Kaka da hannu take ba da rabin labarinta. In kura ce tafe, kafaɗunta sai su hau har kunne. In mai rowa ne, sai ta dunƙule hannu ta cusa a hammata tana waige-waige. Wata yarinya Hamsatu, wadda ko sannu ba ta iya mayarwa da Hausa, ita ce take riga kowa dariya, kuma a daidai wurin dariyar take yi.

Mutane sun ɗauka baiwa ce kawai, ta buɗe baki labari ya zubo. Ni na san ba haka ba ne, don ni nake ɗebo mata ruwan wanke wake. Tun da hantsi leɓɓanta suke motsi, tana murza wake tana ɗaga gira, wani lokaci ta tsaya ta girgiza kai ta sake daga farko. Matan gidan suna cewa da mijinta marigayi take faɗa. Ranar da na tambaye ta, sai ta ce tatsuniyar dare take gyarawa, kuma daga ƙarshe take farawa, don wanda bai san inda zai tsaya ba shi ne yake sa mutane hamma. Tana kuma lura da wanda zai zauna a gabanta. In an doki wani yaro da rana, ba za ka ji duka a labarin daren nan ba. In ta zauna kuwa, ba ta cewa uffan sai ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, har mai tsokanar na kusa da shi ya ji kunya ya daina. Sannan ta buɗe tatsuniya da cewa:

"To, ga wata ta iso. Ku matsa mata wuri."

Ni na gaji hannuwanta. Ƙanena Haruna, wanda yake bi mini, ya mayar da abin tsokana. Ya ce in aka ɗaure mini hannu, bebe zan koma. In ina magana sai ya riƙa kaucewa yana kare fuska, wai kada in kwaɗe shi. Shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, rabin tatsuniya yana ƙoƙarin satar ƙosan da ya kwana a kwano. Innarmu tana bayanmu tana wanke-wanke, ba ta taɓa sa baki ba, kuma na ɗauka ba ta sauraro. Ni ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In tana so na, sai ta ce kai, tana duban wani wuri.

Akwai tatsuniya ɗaya da muka fi roƙo, ta Tanko ɗan aike. A wani gari na bakin kogi, dorina ta kifar da kwalekwalen wani masunci, ya nutse. Aka rasa wanda zai je ya gaya wa tsohuwarsa a ƙauye, sai aka ce Tanko, abokinsa, tun da gidan kamar gidansu ne. Tanko mutum ne mai hayaniya, ba ya sallama, da gudu yake shiga gidan tsohuwar nan ya buɗe tukunya kafin ya gaishe ta. Ya kama hanya yana tunanin yadda zai faɗa. Ya tarar da jaki, ya ce bari ya gwada a kansa. Ya fara da gaisuwa, ya gaida gida, ya gaida gona, ya gaida gajiya, kafin ya kai ga magana jakin ya juya ya tafi. Ya ce, ashe na yi tsawo. Ya tarar da akuya, ya faɗa mata gaba ɗaya ba shiri, akuya ta zabura ta faɗa rami. Ya ce, ashe na yi gaggawa. A nan muke birgima da dariya, don Kaka takan zama akuyar, ido waje, baki a karkace.

Haka Tanko ya yi ta gyara har maganarsa ta daidaita, ba tsawo ba gaggawa. Ya iso ƙofar gida. Tsohuwa tana daka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira a amsa.

A daidai nan Kaka takan zare hannuwanta daga iska ta cusa su ƙarƙashin zanenta. Duk daren, nan ne kaɗai hannuwanta suke tsayawa. Dariya takan ɗauke. Hamsatu, da ba ta san me aka ce ba, takan matso ta jingina da ni.

Tsohuwa ta jingine taɓarya, ta shimfiɗa tabarma, ta ce masa ya zauna, ta ji. Abin da ya rage, ya gaya mata ko an samu gawa, ko an yi masa sutura. A nan maganar da ya gyara a hanya ta yi amfani.

Haruna ne ya taɓa tambaya, bakinsa cike da ƙosai, yaya aka yi ta ji alhali bai ce kome ba.

"Wanda kullum shika shigowa da gudu, yau ya tsaya yana sallama," in ji Kaka. "Mi ya rage a hwaɗi? Jiki shina riga baki isa, ɗan nan. To, nan ta gaji, nan na sauke ta. Ku tashi ku kwanta."

Na girma na zama tela a kasuwar Lazaret, Haruna ya zama direban babbar mota, yana hanyar Gaya. Kaka ta rasu. Tun da bakina bai mutu ba, ni aka mayar mai magana a dangi da ƙungiyarmu ta teloli. In za a yi biki ko suna ko sulhu, sai a ce a kira Lawali. Yadda Kaka take yi nake yi. Ina kan keke ina ɗinki leɓɓana suna motsi, na san inda zan tsaya tun kafin in miƙe, na san su wa za su zauna a gabana, kuma ba na buɗe baki sai na bi fuskoki. Ina jin daɗin abin, ba na ɓoyewa. Har wani ji da kai nake yi in aka ce ba a iya hamma in ina tsaye.

Da matar Haruna, Zalika, ta haifi ɗansu na fari, yana kan hanya. Ya kira ni yana ihu a waya, ya ce ni zan yi wa mutane maraba ranar suna, ni zan raɗa wa liman suna, Abdulkarim, sunan surukinsa. Ya ce zai iso kafin asuba ko da tura motar zai yi, kuma in sassauta hannu kada in kaɗe wa liman rawani. Duk makon na yi ta gyara maganata. Na tanadi wurin da zan tsokane shi a gaban mutane.

Ranar suna, na fito masallaci bayan asuba, ina neman taksi zuwa Banifandou inda gidansa yake, sai waya ta yi ƙara. Wani direba ne abokinsa, Isufu. Ya ce motar ta kauce hanya kafin Doso. Ya ce jandarmomi suna wurin. Ya ce sai haƙuri.

Na ce masa to. Na gode masa ma. Na tsayar da taksi na shiga, na gaida direba, har na tambaye shi aiki. Ina jira wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji ba taka ba ce, haka jikina duka ya zama. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a kai: yaron nan ya samu suna tukuna. A yanka rago, a yi fatiha, a ce masa wane, sannan in faɗa. Ban so ya tashi a ce ko suna ba a raɗa masa ba kuka ya tarwatsa taron. Na roƙi Isufu kada ya kira kowa. A cikin taksin na sake gyara maganata, na cire wurin tsokana, na sa cewa hanya ce ta riƙe mai gida. Ba ƙarya ba ce.

An kafa tanti a ƙofar gida, maza sun cika kujeru da tabarmi, ana raba goro da dabino. Na miƙe. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Na lura hannuwana suna rawa, su kaɗai a jikina, don haka na mayar da su baya na haɗe a ƙarƙashin babbar riga. Muryata ba ta karye ba. Na yi maraba da Hausa, na ƙara da Zabarmanci saboda maƙwabta, na gode wa dangin Zalika, na ce hanya ta riƙe Haruna. Ban yi tsawo ba, ban yi gaggawa ba, na tsaya daidai inda na tanada. Wani dattijo ya ce Allah ya yi albarka, Lawali ba ya ba da kunya. A raina na ce na tsallake.

Ina juyawa wajen liman sai aka ce Inna tana kira. Tana tsaye bayan ƙyauren ƙofa, inda ake hango tanti ta tsaga. Daga cikin gida ana jin mata suna shewa, tukwane suna ƙara. Na durƙusa. Ta tambaye ni wane suna aka bar mini, na ce Abdulkarim. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Ka ce ma liman Haruna."

Na ce, "Inna, ai ba a sa wa ɗa sunan uba yana..."

Ban ƙarasa ba.

"Na ga hannuwanka," in ji ta. "Tahi, mutane na jira. Ni zan shiga wajen yarinyar nan kahin ta ji daga bakin maroƙi."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta gyara mayafinta ta juya. Na koma na durƙusa gaban liman na raɗa masa. Ya dube ni, sannan ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, sai surutu ya riƙa mutuwa daga kujera zuwa kujera, mutane suna juyowa wajena. Na sake miƙewa. Abin da ya rage kaɗan ne: inda abin ya faru, wa yake tare da gawa, yaushe za a iso da ita. Na faɗa a tsare, kamar mai karanta sanarwar wani.

Shekaru sun wuce. Har yanzu ana kirana in yi magana, kuma ina zuwa. Samarin ƙungiya sukan tambaye ni sirrin tsayuwa gaban jama'a, in gaya musu abin da na gani wajen wanke wake: ka san inda za ka tsaya, ka san wa yake gabanka, ka dubi mutane kafin ka fara. Duk gaskiya ne. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Tanko ta jaki da akuya ce, ta yadda ake gyara magana har ta yi kyau. Yanzu na ga ta tsohuwar ce, wadda ta karɓi nauyin daga hannun ɗan aike don kada ya faɗa da bakinsa. Inna tana wanke-wanke a bayanmu duk shekarun nan, ashe ita ta fi mu ji.

Kukan da nake jira tun cikin taksin nan bai zo ba har yau. Na daina jiransa. Ƙaramin Haruna yakan zo shago in an tashi ɗalibai daga lakwal, ba ya sallama, kai tsaye yake wucewa inda nake ajiye abinci. Yana son tatsuniya, na ba shi ta kura, na ba shi ta mai rowa, da kafaɗa da hammata da kome. Rannan ya ce in ba shi wadda kakarsa ta ce na fi kowa sani, ta ɗan aike. Na ba shi jaki, na ba shi akuya, ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Da muka iso ƙofar tsohuwa, sai na ce masa dare ya yi.

Rana tana tsaka. Ya dubi waje, ya dubi hannuwana, bai sake tambaya ba.