Tokar Bakin Murfi

Abin da zan rubuta a nan ya fito ne daga wurare uku: abin da na gani da idona ina yarinya, abin da yayata ta faɗa mini bayan na gama jami'a na dawo gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi, da kuma saƙon murya guda da 'yar baffana ta aiko mini da harshen Sango, yaren mutanen garin. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mama, ta ƙi cewa uffan. Ban iya tsayar da shekarar ba. A ganina ina aji huɗu na firamare, Yaya kuma ta ce aji uku. Mun dai yarda cewa damina ce, kuma Baba ya tafi bakin iyakar Kamaru ɗauko kaya. Maganganun da na sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba zan rantse a kan kowace kalma ba.

Mama takan yi gato, wato kek, ranar Lahadi. A babbar tukunya take gasa shi. Sai ta zuba yashin kogi a ƙasa, ta ɗora kwanon ƙullu a kai, ta rufe, ta jera garwashi a bisa murfin. Daga nan sai ta kwaɓa toka da ruwa ta liƙe bakin murfin zagaye. Ta ce tokar tana tsare zafi, kuma tana faɗa mata gaskiya, domin duk wanda ya ɗaga murfi kafin lokaci, gato zai faɗa, tokar kuma za ta tsage ta tona shi.

Mu uku ne yaran gidan: Yaya, ni, da 'yar Baffa. Baffa ƙanen Baba ne. Da ya rasu, matarsa, wadda ba Bahaushiya ba ce, ta yi wani aure, Baba ya ɗauko yarinyar daga wurin kakarta a can bayan unguwar Yakite, ya sa ta makarantarmu. Kowa a gidan ya san Baba ya yi alkawarin za ta yi karatu, kuma kowa ya san ba da son Mama ta zo ba. Hausarta ba ta nuna ba. Idan ta tsorata, Sango ne kaɗai ke fita daga bakinta.

Ita ce mai kaɗa ƙwai da sukari, don hannunta ya fi namu ƙarfi kuma ba ta gajiya da wuri. In an cika babban kwano, Mama takan raba mana ragowar ƙullu kowa ya gasa nasa ƙarami. Ni da Yaya gwangwanin madara muke da shi. Ita an ba ta gwangwanin kifi. Ta wanke shi da toka, ta wanke da lemun tsami, ta shanya shi a rana, amma da ya ji wuta sai ƙarnin ya dawo.

"Mai gaton kifi!" in ji Yaya. "Ki kai bakin kogi, masunta za su saya."

Mama ba ta taɓa tsawatar wa Yaya ba. Ta ce gwangwani gwangwani ne, wanda bai so ya bari.

Ranar da abin ya faru, gaton ba namu ba ne. Wata matar ɗan kasuwa da suka zo daga Nijar ba da daɗewa ba, suka zauna a unguwar Kokoro, ita ce ta roƙi Mama ta yi mata na walimar saukar ɗanta. Matar ta taɓa cewa a gaban mutane Hausar gidanmu ta gauraye da Sango har ba ta da ɗanɗano, don haka Mama ta ɗauki aikin da zafi. Ta tankaɗe fulawa sau biyu, ta fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. 'Yar Baffa ta kaɗa har gumi ya jiƙa mata riga.

Da aka liƙe murfi, Mama ta aiki ni da Yaya kasuwa mu karɓo faranti a shagon Baba. Ba ta saba aiken mu biyu tare ba, kuma farantin ba shi da nauyi. Muna fita na ji ta miƙa wa 'yar Baffa mafici tana cewa, "Ki fifita da kyau, kada wutar nan ta yi sanyi. Zan shiga in yi la'asar." Yaya ta ce ba ta ji wannan ba. Ni na ji, ko da yake na san yaro kan ƙara wa abin da ya ji daga baya.

Muka dawo muka tarar da Mama tsaye a kan tukunya, 'yar Baffa a durƙushe. Tokar ta tsage daga gefe guda. Gaton ya ƙone a baki, tsakiyarsa ta lotsa, ƙullu ɗanye yana ƙyalli a ciki.

"Wa ya buɗe?"

Yarinyar ta fara magana da Sango, da sauri, tana nuna maficin.

"Ba na jin wannan yaren a gidana yau. Ke, wa ya buɗe?"

"Mama, ban taɓa ba."

"To tokar ce maƙaryaciya? Tun da kwaɗayi ya hana ki jira, ga shi nan. Naki ne duka. Zauna ki ci."

Ta juye gaton a farantin da muka kawo, ta ajiye a ƙasa, ta sa mu zauna mu kalla. Yarinyar ta fara da gefen da ya ƙone. Da ta kai ga ɗanyen sai ta tsaya. Mama ta miƙa mata cokali. Yaya tana dariya tana cewa, "Yau dai ba kifi, ci ki more." Ta ci har ta fara kakari, ta fita bakin lambatu ta yi amai, Mama ta kira ta ta dawo ta ƙarasa. Da faranti ya kusa zama fayau, Mama ta ce, "Ba a godiya a gidanku?"

"Singila," in ji ta, wato na gode.

"Da Hausa."

"Na gode, Mama."

Mama ta sake kwaɓa wani ƙullun da kanta, ta zauna a gaban tukunya har ya gasu, aka kai Kokoro da safe. A safiyar nan kuma ta riƙe hannun 'yar Baffa ta mayar da ita wurin kakarta. Kayan makarantarta ba su bi ta ba. Daga baya na ga rigar an yage ta, ta zama tsumman sauke tukunya. Murfin kuwa Mama ta ajiye shi a kan kabad da tokarsa a jiki har Baba ya dawo. Ta nuna masa tsagar, ta ce ba za ta riƙe yarinyar da ke sata kuma take rantsuwa a kan ƙarya ba. Baba ya daɗe yana kallon murfin. Ya ce, "Allah ya kyauta." 'Yar Baffa ba ta sake shiga aji ba.

Akwai abu guda da Yaya ta ƙara wanda ni ban gani ba. Ta ce tun kafin a aike mu kasuwa ta ga kayan yarinyar a ƙulle cikin zane a bayan ƙofar Mama. Yaya ba ta taɓa ƙaunarta ba, don haka ba ta da dalilin kare ta. Amma a lokacin da ta faɗa mini suna cikin saɓani da Mama, dole in auna wannan ma.

Bayan na dawo gida na gwada abin da kaina, da tukunyar nan da yashi da toka. Idan na bar garwashi ya ci a hankali, tokar ba ta tsagewa. Idan na fifita da ƙarfi, wani lokaci takan tsage ba tare da kowa ya taɓa murfi ba, gaton kuma ya ƙone a baki ya lotsa a tsakiya. Wani lokaci kuma ba ta tsagewa. Wannan bai tabbatar da cewa ba a buɗe ba ran nan. Ya nuna kawai cewa tokar ba shaida ba ce.

'Yar Baffa yanzu tana soya makala, wato fanken Bangi, a bakin titi, tana da 'ya'ya. A saƙonta ta ce ba ta buɗe ba. Sai ta yi dariya ta ce ƙila ma ta buɗe, yarinya ce, ta manta. Ta ce ƙarnin gwangwanin ne ba ta manta ba, kuma kada in sake tambayarta.

Mama ta yi shekaru tana gasa gato a wannan tukunya kafin a haife ni, ta fi kowa sanin halin wuta da toka. Tambayar da na kasa samun amsarta ita ce: lokacin da ta miƙa wa yarinyar mafici ta shige ɗaki, ta san tokar za ta tsage da kanta?