Ranar da Tambara ta Dafa Ruwan Tuffa

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge tun zamanin soja ya san Tambara mai tsamiya. Tuluna biyu take girkewa a gindin dogon yaro, ɗaya zoɓo ɗaya tsamiya, ta lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Ba ta taɓa taka ƙofar lakkwal, wato makarantar boko, ba, amma kurɓi ɗaya ya ishe ta ta san yawan sukarin da ke cikin ruwa. Baki kuwa Allah ya ba ta. Wani soja ya taɓa cewa tsamiyarta ta cika tsami, ta tambaye shi ko ta garinsu zuma take zubarwa.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, Tambara tana nan inda take. Abin da ya girgiza ta shi ne ciwon mijinta Ɗangoma. Ciwon sukari ya kama shi, sannan kututturen gero ya soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa. Majo, shugaban likitar garin, wato asibiti, bai ɓoye mata ba: in sukarin bai sauka ba sai Yamai, kuma ƙafar can za a baro ta.

Tsoro ya kama Tambara sosai. Ta cire sukari daga shayinsa da kununsa, ta hana shi ko zoɓonta. Amma duk ranar awon sukarinsa, abu sai gaba yake.

Ashe ta ƙofar zumunci cutar ke shigowa. Ɗansu Tahiru ya fara aiko kwalayen ruwan tuffa daga Yamai. Masu dubiya da suka gani, kowa sai ya biya butiki, wato kanti, ya sayo irinsa kafin ya zo. Ga hoton tuffa kore shar, ga rubutun Faransanci, ga shi ba wanda ya taɓa ganin iccenta a nan ƙasar Kurfai, don haka gari ya yanke cewa magani ce. Kuma a nan, abin da mai dubiya ya kawo dole mara lafiya ya kurɓa a gabansa, in ba haka ba an raina shi. Ɗangoma mutum ne mai jama'a, wuni yake yana kurɓa.

Wata safiya Tambara ta ɗauki kofinsa, ta ji yana manne mata a yatsu, kiyashi sun yi masa baƙi. Ta ɗanɗana, ta ji zaƙin sukari ne. Da ta yi magana, wan mijinta Dogo ya taso mata.

"Ke dai kishi kika yi da kwali, don ya kashe miki kasuwa! Ɗan icce na, mi zai yi ma mutum?"

Maganar ta yi mata zafi. Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci, masu dubiya suka cika gida, har da Majo. Tambara ta hura wuta a tsakar gida, ta juye kwali guda a tukunya.

"Inna, lahiya?" in ji Majo.

"Lahiya lau. Maganinku nika dahwawa, mu ga abin da ag gindi nai."

Ruwa ya tafasa ya ƙone, sai ga wani jan abu mai danƙo kwance a gindin tukunya kamar maɗi. Ta miƙa wa Dogo.

"Yaya, sa yatsa."

Dogo ya lasa, ya sake lasa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Majo ya ɗauki kwalin ya juya bayansa, inda rubutu ya yi ƙanana, ya karanta wa jama'a. Ruwa ne farko, sai sukari, sannan tuffa 'yar kaɗan, wadda aka dafe ta yi kauri a wata ƙasa, aka tsinka ta da ruwa a wata ƙasar.

"Ko tuhwa zalla ta, mai ciwon ga bai shan ta kamar ruwa," ya ce. "Inna, ni da nay yi karatu ban tambaya ba. Ke kin gani."

Daga ranar Tambara ta kafa dokarta. Ba ta mayar da kyautar kowa, ta karɓa hannu biyu da godiya, sai ta tsiyaya wa wanda ya kawo, ta tsaya a kansa har ya shanye. Cikin sati biyu dubiya ta koma addu'a da hira. Tahiru kuwa saƙo ta aika masa, in yana son ubansa ya aiko takalma.

Awo ya fara sauka. Miki ya tsotse, ya rufe. Ranar da aka fara yankan gero, Ɗangoma ya ajiye sanda ya kama hanyar gona da ƙafafunsa biyu. Tambara ta biyo shi har bakin gari, murna ta cika ta, hawaye na zuba, tana daka masa tsawa ya dubi inda yake takawa.