Shafukan da Suka Ƙetare Rafi

Yayana Ittoop bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi. Shekara arba'in ya yi yana ɗinkin littattafai a wata 'yar rumfa kusa da inda kwalekwale ke tsayawa, kuma yawancin abin da ake kawo masa Littafi Mai Tsarki ne da ruwa ya jiƙa ko gara ta ci. Zai warware shi, ya shanya shafukan a tabarma, ya ɗinke, ya yi masa sabon bango. Inda matsalar take, yana shanyawa yana karantawa.

Shekarar da rafi ya shiga gidaje, aka kawo masa guda biyu rana ɗaya. Ɗaya na gidan surukaina, da ba a buɗe shi sai za a rubuta sunan jariri. Ɗayan na Eapen mai sayar da man kwakwa, ɗan cocin ƙetaren rafi. Namu na 'yan Katolika ya fi nasu kauri, don akwai littattafai bakwai a ciki da su ba su yarda da su ba. Iska ta hautsina shafukan, Ittoop ya kwashi wasu daga namu ya ɗinke cikin na Eapen. Shekara biyu cur Eapen yana karanta wa iyalinsa labarin wani tsoho mai binne gawawwakin da kowa ya ƙi, har yana hawaye. Ranar da fastonsu ya kai ziyara ya gani, ya ce a yanke shafukan nan take.

Daga nan yayana ya birkice. Ina gyara kifi a bayan gida ya zo ya tsaya a kaina.

"Kunjelia, shekara biyu maganar Allah ce a gidan Eapen. Ranar Talata fasto ya zo, sai ta koma takardar ƙunsa kifi?"

"Yaya, don Allah matsa, ka tare min haske."

"Yauwa, hasken ma! An ce ranar farko aka yi haske, rana kuma sai a ta huɗu. To kwana ukun farko da me aka ƙirga su?"

Na ce ya je ya tambayi Fada, limamin cocinmu. Ai kuwa da na sani ban faɗa ba. Ya je ya tambayi Fada Kuruvilla a harabar coci, gaban kowa. Ya ƙara da cewa ɗan mutanen farko da Allah ya halitta, wanda ya kashe ƙanensa, 'yar gidan wa ya aura? Kuma wa ya zauna ya ce littafi kaza ya shiga Littafi Mai Tsarki, littafi kaza ya fita, kuma shi ɗin ya ci abinci kafin ya yanke ko da yunwa ya yi? Mutane suka tuntsire da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

A wurinmu, kafin bikin Ista kowa sai ya je ya faɗi zunubinsa gaban Fada, a ba shi 'yar takardar shaida. Wanda ya mutu ba shi da ta shekarar, ba ya shiga maƙabartar coci. Bayan katanga ake kai shi, inda muke kira ramin masu taurin kai, babu addu'a babu ƙararrawa. Fada ya ce ba zai ba Ittoop takarda ba sai ya ƙirga tambayoyin nan cikin zunubansa, ya yi alkawarin bari. Ittoop ya faɗi giyar kwakwa da ya sha, ya faɗi zagin da ya yi wa maƙwabci, amma tambayoyin ya ƙi.

Sai matarsa Thresia ta rasu. Aka binne ta a kabarin gidanmu cikin maƙabartar coci, aka bar masa wuri a gefenta. Shekara talatin da huɗu suna tare, ita kaɗai ce in ta ɗora hannu a gwiwarsa ƙafar take daina rawa. Kullum da safe ina hango shi yana takawa daga kabarinta zuwa katanga, ya dawo, bakinsa yana motsi. Na tsare shi.

"Me kake ƙirgawa kamar mai awon gona?"

"Taku goma sha ɗaya ne."

"Kai dai ba ka da kunya! Kalma biyu za ka faɗa, na tuba, ka kwanta kusa da matarka. Mu duka da muke karɓar takardar, an ce maka mun gane komai ne?"

"To ki ce ba ku gane ba mana."

"Ba a cewa!"

Haushi ya hana ni kai masa rogo da kifi har kwana uku. Ranar ta huɗu na kai, na tarar tari ya kwantar da shi. Saura mako biyu Ista. Na je na durƙusa wa Fada Kuruvilla, kuma gaskiya ya zo, da lemarsa, cikin zafin rana. Shi ma ya tsufa. Ya zauna bakin gadon ya ce, "Ittoop, ni ma ban san da me aka ƙirga kwana ukun ba. Amma doka ba tawa ba ce. Ka ce ka tuba kawai."

Ina bakin ƙofa ina jin su. Yayana ya daɗe yana kallon rufi, ƙafar tana ta motsi ƙarƙashin zane.

"Fada, Allah ya sani ina so. Amma ban taɓa yi wa Thresia ƙarya ba. In na kwanta gefenta ta tambaye ni yadda aka yi na shigo, me zan ce mata?"

Bai tashi daga wannan ciwon ba. Bayan katanga muka kai shi. Mu shida ne. Ana shirin mayar da ƙasa sai ga Eapen ya sauko daga kwalekwale, yana dogara sanda. Ya zaro wani ƙunshi daga ƙugunsa. Shafukan nan ne. Ya yanke su kamar yadda fasto ya ce, amma bai ƙone su ba, har zaren yayana yana jikinsu. Ya tsaya bakin ramin ya karanta labarin tsohon nan tun daga farko. Na yi ta kuka.

Bana saura kwana tara Ista, kuma ban je na karɓi takardata ba. Sau biyu ina ɗaura zane, in kai ƙofar coci, in juyo. Mijina da ya rasu yana kwance cikin maƙabartar, yayana yana waje. Jiya na taka da ƙafata daga kabarin Thresia zuwa katanga na ƙirga, ni goma sha huɗu na samu, don ƙafata ba ta kai tasa tsawo ba.