Hagun Liti

Liti mutumin Kurugu ne, manomin gyaɗa, kafin a ɗebe shi soja zuwa yaƙin Bama a zamanin Turawa. A can ɓarɓashin bam ya same shi a ƙeya ta wajen dama. Ya farfaɗo a asibitin soja idanunsa garau, ko ja ba su yi ba, amma duk abin da ke hagunsa ya ɓace masa. Sai ya ci rabin kwano ya ce abinci ya ƙare.

Wani likita Bature ya ɗauki son duniya ya ɗora wa raunin nan. Kullum da hantsi sai ya zaunar da Liti gaban baƙin allo, ya sa shi kafa ido a tsakiya, ya riƙa matso da farin ɗigo daga gefe. Da Liti ya ce ya gani, sai ya yi alama a takarda. Tafinta ya bayyana masa cewa gani a bayan ƙwaƙwalwa yake zaune, kowane yanki da iyakarsa, kuma da irin rauninsa ake gano iyakokin a zana taswirarsu.

"To yaushe za a fara maganin?" in ji Liti.

Tafinta ya tambayo, ya ce babu magani, amma likita ya ce taswirar ta yi kyau ƙwarai.

Satinsa guda da dawowa gida ya je kasuwar Rogo, ya wuce surukinsa Malam Hamma zaune a rumfa ta hagu, ko kallo. Kafin la'asar magana ta kai Kurugu, wai Liti ya zauna da Turawa, ya fi ƙarfin gaida manya. Ya je ya durƙusa ya yi bayani. Tsohon ya leƙa idanun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni dai ban taɓa jin mai gani da ƙeya ba."

Matarsa Rekiya ce ta samo mafita. "Malam, tunda ba ka san wanda ke wurin ba, ka gaishe shi kawai."

Tun daga ranar, duk inda Liti ya bi yana rusuna wa hagunsa da barka da war haka. Ya gaida rumbu, ya gaida jaki, ya taɓa tambayar kututturen ɗorawa lafiyar iyali. Da fari an yi dariya. Da shekaru suka ja, iyaye daga Karaye har Gwangwan suka koma nuna wa 'ya'yansu shi in ana maganar ladabi.

Shi kuwa abin bai taɓa yi masa daɗi ba. Yakan gaya wa Rekiya cewa har yanzu bai san ko mutum nawa ya gaisar a rayuwarsa ba.