Ranar da Na Kira Babana "Malam"

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan iya ba da labarin ranar nan, don kunyarta ba ta taɓa sakina ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, muna nazarin duwatsun kunnen kifi, 'yan fararen ƙasusuwan nan da ke cikin kansa. Kowane kifi da siffar nasa, shi ya sa ko ya shekara dubbai a ƙasa ake gane shi da su. An tono wasu a inda Tafkin Chadi ya taɓa shimfiɗuwa, ɗaya ya gagare mu. Ni, sarkin iyayi, na dage na giwan ruwa ne.

Malamarmu ta ce mu je kasuwar kifi ta Baga Road mu gwada da na yanzu. Babana a can yake sayar da kifi, ni kuwa na gaya wa 'yan ajinmu atamfa yake sayarwa, gudun a ce ina ƙarni.

Ina ta addu'a mu wuce, sai ga mu a rumfarsa. Ya ɗago da fara'a, na riga shi: "Sannu, Malam."

Ya dube ni, ya dubi abokaina. "Wushe, 'yan makaranta," in ji shi, yana gaishe mu da Barbarci.

Malama ta miƙa masa dutsen. Ya juya shi a tafin hannu, ya shafa gefensa da babban yatsa. "Wannan ai bargi ne, Hajiya." Ya fasa kan wani bargi cikin kifayensa, ya zaro nasa, ya jera su. Ba su da maraba.

"Baba, ina ka koyi wannan?" ta tambaye shi.

"Wata 'yata ce. Tana ƙarama take tara su a gwangwanin madara, kullum sai na ciro mata. Yanzu ta yi nisa a boko, ba ta zuwa nan."

Kowa ya yi dariya. Kalma ɗaya ta isa, "Baba," amma na juya masa baya. Haka na bi su muka tafi.

Da na koma gida a unguwar Ajilari, na tarar da gwangwanin a kan littattafaina, ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi. Bai taɓa tayar da zancen ba har Allah ya karɓi ransa, ni ma na kasa ba shi haƙuri.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi, kuma da gwangwanin nake shiga aji. Kafin komai nake gaya wa ɗalibaina ni 'yar mai kifi ce. Na koyi cewa wanda ya ji kunyar nuna iyayensa, kunyar kansa zai yi ta ji har ya mutu.