Hitar da Ta Sha Wuta Gida Biyu

Ko zan manta komai na aikin wutar da na yi a rayuwata, ban da ranar da ruwan zafi ya fara zuba a ɗakin haihuwa na Wurno. Zamanin Turawa ne, ina da ƙarfina, an turo ni daga Sakkwato in kula da ƙananan injinan wuta guda biyu: ɗaya na ɗakin shan magani, ɗaya na famfon ban-ruwan shinkafa da ke bayan katanga. Kowanne da allonsa na fis, wato 'yar wayar da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa.

Sai aka kawo wata hita marar tanki, wadda ruwa ke ratsawa ya fito da zafi. Muka haɗa ta da allon ɗakin shan magani, fis ya ƙone. Muka canza, ya sake ƙonewa. Baturen injiniyan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce ta fi ƙarfin allon, a mayar da ita cikin akwati.

Damina ce, itace duk a jiƙe. Dattijuwar unguwarzoma ta tare ni a bakin ƙofa, idanunta jajur saboda hayaƙi.

"Ɗana, mi anka ce?"

"Inna, wai mayar da ita za a yi."

"Jiya awa guda ina hura wuta, mai jego na rawar sanyi. Ga wata Bafillata an kawo daga Rara tana naƙuda. Ka dai duba mana."

Na kwance murfin hitar. Ashe ƙarfen da ke ɗumama ruwan biyu ne, kowanne da bakin wayarsa, ɗan guntun tagulla ne kawai ya gama su. Na je na sami Baturen na ce a cire tagullar, kowane allo ya ɗauki ƙarfe guda. Ya ce in wutar injinan biyu ta haɗu, duka za su ƙone, shinkafar mutane ta rasa ruwa. Na zana masa a ƙasa yadda wayoyin ba za su taɓa juna ba. Ya daɗe a tsugune yana kallo, sannan ya miƙo mini filayarsa.

Har la'asar ina jan waya daga allon famfon ban-ruwan zuwa hitar. Na gwada kowane layi shi kaɗai, sau uku. Na rubuta a jikin hitar da ajami da boko cewa wutarta gida biyu ce, kada a taɓa ta sai an kashe duka biyun. Yau da na tsufa, wannan rubutun ya fi komai yi mini daɗi, don bai bari kowa ya ji ciwo ba.

Inna ta murɗa famfo, ta tara hannu, ta janye da sauri.

"Wanga ruwa ai sai an sirka shi!"

Kafin magariba ta yi wa jaririyar Bafillatar wanka da shi, uwar ma ta samu.

Tun ranar, in aka ce mini abu ba ya yiwuwa, ba na gardama. Ina neman izini in buɗe in ga cikinsa tukuna.